Babi na Shida: Kura, Ga Tsoro Ga Ban Tsoro

Idan ka bar garin Dapaong, can ƙuryar arewacin Togo, ka nufi kudu maso yamma ta cikin gonakin gero da dawa har ka kai wajejen ƙauyen Nano, za ka ci karo da wani dogon dutse da ya tsaya ƙyam kamar ganuwar birni. Daga gindinsa ido ba zai nuna maka komai ba sai dutse da 'yan itatuwa. Sai ka zagaya ka hau kansa, ka kama wani tsanin ƙarfe da aka kafa a wannan zamani, ka gangara ta fuskar dutsen gabanka na faɗuwa, sannan za ka ga abin da aka ɓoye. Wani dogon tsagi ne a ƙirjin dutsen, an cika shi da rumbunan laka sama da ɗari, wasu kamar randa, wasu dogaye, wasu bakinsu ya karye. Nok ake ce wa wurin. Mutanen Moba ne suka gina shi a zamanin da mahayan Anufo, waɗanda ake kira Cokosi, ke fitowa daga Sansanne-Mango suna karɓar haraji suna kama bayi. Bahaushe ba ya neman tafinta a kan rabin farko na sunan garin nan. Sansani ne, kalmarmu ce.

Na daɗe a tsugune a bakin wani rumbu, don a wasu wuraren rufin kogon ba ya barin mutum ya miƙe. Yawan aikin ne ya tsaya mini a rai. Wani ya ɗauko laka a ka ya kawo ta nan. Wata ta ɗauko ruwan kwaɓi. An ratso wannan fuskar dutse da hatsi tun babu tsanin ƙarfe, ga goyo, ga tsofaffi. Maharan kuwa wataƙila sau ɗaya suke zuwa a shekara, wata shekarar ma ba a gan su ba. Doki ya yi sukuwar yini ɗaya, manomi ya yi wata goma sha biyu yana yi wa wannan yinin bauta. Duk wanda ya taɓa mulki da tsoro ya san wannan lissafi ko da bai shiga aji ba. Ba sai ya doki kowa ba, ba kuma sai ya yi duka kullum ba, tunda gani ga wane ya ishi wane.

Kusan kilomita 300 kudu da nan, a kan titin da ya tsaga ƙasar daga Cinkase zuwa Lome, akwai Sokode, birnin Tem, waɗanda mu muka fi sani da Kotokoli. Kakanninmu fatake sun san ƙasar nan tun kafin a yi wani abu wai shi Togo. Ayarin da ya taso daga Kano ko Jega da kanwa da tufafi ya nufi Gwanja neman goro yakan ratsa Nikki da Jugu ya sauka a ƙasar Kotokoli kafin ya kai Salga. Unguwar Didaure, inda malamai da 'yan kasuwa suka yi kaka-gida, 'yar wannan hanya ce. A nan tarihin ya juya, domin mutanen wannan ƙasa su ne a kan doki. Mahayansu, Semasi, sun yi suna a hari, kuma har yau ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sokode sunansu take amsawa. Sarkinsu na Kparatao, Uro Jobo Bukari, ya ƙulla amana da Jamusawa a ƙarshen ƙarni na 19, dawakinsa suka taya su murƙushe maƙwabta. Jamusawan suka kafa bariki a Sokode, suka zo da nasu salon ban tsoro: bulala ashirin da biyar, ta ƙarshen a ce ta Kaisa ce, wato sarkin Jamus, wanda bai taɓa taka ƙasar ba amma sai da ya sami rabonsa a bayan talaka.

Akwai bikin da ake yi a Sokode a watan Gani, watan Mauludi, mai suna Adosa. Duk wanda ya tashi a Katsina ko Gobir zai gane shi nan take, domin wasan 'yan tauri ne. Maza sun sha jiƙo, ana kiɗa, suna goga wuƙaƙe da takubba a ciki da wuya da hannu, jini bai fito ba, mahaya kuma na sukuwa a fili. Ban zo gardama a kan ko magani ne ko dabara ba. Abin lura shi ne ɗan tauri ba ya wasa a ɗaki shi kaɗai. Sai da taro. Rabin taurinsa a idon 'yan kallo yake, su ne za su koma gida su ba da labarin mutumin da ƙarfe ba ya ci, labarin ya riga shi isa duk inda zai je.

Babban ɗan taurin da Togo ta taɓa gani Bakabiye ne daga Pya, kusa da Kara, kuma filin wasansa ƙasar ce baki ɗaya. Ranar 13 ga Janairu 1963 sojoji suka kashe shugaban ƙasa na farko, Sylvanus Olympio, a bakin ƙofar ofishin jakadancin Amurka a Lome. Wannan mutumin na Pya, saje mai suna Etienne Eyadema, tsohon sojan Faransa, ya shaida wa 'yan jarida a lokacin cewa shi ya harba, daga baya kuma ya musa. Ranar 13 ga Janairu 1967, shekara huɗu cif, ya kifar da gwamnatin Nicolas Grunitzky. Ya mai da wannan rana ta hutu da fareti. Ka duba hikimar mugunta a nan. Kowace shekara sai ƙasa ta yi ado ta fito bikin ranar da kowa ya san abin da ya faru a cikinta, ba kuma wanda zai furta.

Sai ga hatsarin Sarakawa. Ranar 24 ga Janairu 1974 jirgin saman da ke ɗauke da shi ya faɗi kusa da wannan ƙauye na yankin Kara. Mutane sun mutu, shi ya fita da ransa. Ba shi kaɗai ya tsira ba, amma labarin da aka shuka a zukatan jama'a na mutum guda ne da mutuwa ta gani ta kauce. Ya ce makircin Turawan kamfanin fosfat ne, ya ƙwace kamfanin ya mai da shi na ƙasa, ya yar da sunan Etienne ya ɗauki Gnassingbe. Aka bar tarkacen jirgin a inda ya faɗi, aka gina masa wurin ziyara, aka kafa gunkinsa. Aka buga littafin zane na yara da ke nuna shi gagara-badau. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa a wancan zamani, tun daga 1969, wato RPT, kuma an kwaikwayo daga Zayar ta Mobutu wata al'ada da suke kira animasiyon: ɗalibai da ma'aikata da matan kasuwa cikin anko, a jere a rana, suna rawa suna rera yabon shugaba na sa'o'i. Marubucin nan na Kwaddebuwa, Ahmadou Kourouma, wanda ya zauna shekaru a Lome, ya gina jarumin wani littafinsa na 1998 a kan wannan mutum: maharbi, mai asiri, wanda ya sha tsallake kisa har mutane suka daina ƙirgawa.

Ina ganin kuskure ne a ɗauka mutanen Togo sun gaskata duk wannan. Masanin siyasa ɗan ƙasar, Comi Toulabor, ya rubuta tun farkon shekarun 1980 yadda masu rawar nan ke karkatar da kalmomin waƙar yabo su mai da su zambo da batsa a harshensu, a gaban wanda ake yabon, fuska cike da fara'a. Ashe ba imani ake nema daga gare su ba. Abin da ake so shi ne kowa ya ga maƙwabcinsa yana rawa. Kai ka san a zuciyarka ƙarya kake yi, amma ba ka san ko na kusa da kai da gaske yake ba, shi ma bai san naka ba. Mutum dubu a fili ɗaya, kowannensu yana zaton shi kaɗai ne munafuki.

A bayan rawar akwai sanda, kuma arewa ta sha ta fiye da yadda 'yan kudu suka sani. A shekarun 1970 da 1980 aka faɗaɗa gandayen daji, irin su Fazao-Malfakasa da ke yamma da Sokode, da Keran, da kwarin kogin Oti wajen Mango da Manduri. Aka tashi ƙauyuka daga gonakin kakanninsu, aka sa sojoji gadi. Giwa ta shiga gonarka ta cinye, ba ka da ta cewa. A kama ka da naman daji kuwa, sai yadda ta yiwu, mutane sun rasa rayukansu a kan haka. Har yau in ka ce “fon”, yadda suke kiran gandun da Faransanci, a gaban dattijon Mango, za ka ga fuskarsa ta canja. Shugaban da kansa maharbi ne, yana shiga gandayen nan farauta. A Kazabuwa kuma, kudu da Sokode, a wancan lokaci akwai sansanin tsare mutane da sai a Babban Taron Ƙasa na 1991 aka fara bayyana abin da ake yi a cikinsa a bainar jama'a.

Me ya sa arewa ta yi shiru a kan wannan duka? A nan ne aka yi amfani da tsoro na biyu, wanda ya fi bulala tasiri. An ce wa ɗan arewa: 'yan kudu, Ewe da Mina, su suka yi boko tun zamanin Jamus, su ke da kasuwa da tashar jirgin ruwa, raina ka suke yi, ranar da mulkin nan ya faɗi kashinka ya bushe. An ce wa ɗan kudu: sojan nan da ka gani ɗan arewa ne, mafi yawansu daga ƙabilar shugaba, in ka motsa su za a sako maka. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a kowane ɓangare, shi ya sa maganar ta kama. Ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar da ke karanta wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba, mun san wannan waƙa, da amshinta.

Kudu ce ta fara tayarwa. Ranar 5 ga Oktoba 1990 matasan Lome suka ɓalle a wajen shari'ar wasu da aka kama da takardun sukar gwamnati. A Afrilun 1991 aka tsamo gawa 28 daga tafkin Be. Aka yi Babban Taro, aka rubuta tsarin mulkin 1992 mai ƙayyade wa'adi biyu. A arewa, mutanen da aka kora suka faɗa gandayen daji suka karkashe namun, kai ka ce da dabbobin suke da gaba. Amma sojoji na hannun mai su. A watan Mayun 1992 aka yi wa ayarin Gilchrist Olympio, ɗan shugaban farko, kwanton ɓauna a Sudu, can wajen Bafilo, aka kashe wasu daga cikin abokan tafiyarsa, shi ya tsira da munanan raunuka. A 2002 aka goge ƙayyade wa'adin. Ranar 5 ga Fabrairu 2005 mutumin da ƙarfe ba ya ci ya mutu kamar kowa, bayan shekara 38 a kan mulki. Tsarin mulki ya ce shugaban majalisa ne zai riƙe ƙwarya. Shugaban majalisar, Fambare Natchaba, ɗan jam'iyya mai mulki ne, kuma ɗan arewa daga yankin Savanes. Aka rufe iyakoki, jirginsa ya sauka a Kwatano, sojoji suka naɗa Faure, ɗan marigayin. Arewancinsa bai amfane shi da komai ba ranar da ya tsaya tsakanin gida ɗaya da kujera. Bayan zaɓen Afrilun wannan shekara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe tsakanin mutum 400 da 500, dubbai kuma suka tsere Benin da Gana.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Shekara goma sha biyu aka yi ana cin ribar 2005. Duk da haka tukunyar arewa ta fara tafasa. A Afrilun 2013 ɗaliban Dapaong suka fito goyon bayan malamansu masu yajin aiki, aka harbe yaro ɗan shekara 12, wani matashi kuma ya mutu sakamakon duka. A Nuwamban 2015 mutanen Mango suka ji ana shirin farfaɗo da gandun daji, suka fito, aka kashe mutane, gwamnati ta jingine shirin. A waje kuma, Blaise Compaore ya faɗi a Burkina Faso a 2014. Da shugabannin ECOWAS suka so a amince da wa'adi biyu ga kowa a taron Akara na 2015, ƙasa biyu ne suka ƙi, Togo da Gambiya. A farkon 2017 Yahya Jammeh ya tafi, Togo ta rage ita kaɗai.

Mutumin da ya kunna ashanar, Tikpi Atchadam, masanin shari'a ne ɗan Kparatao, garin Uro Jobo Bukari. Ya kafa jam'iyyar PNP a 2014, launinta ja, alamarta doki. Manyan 'yan adawa na Lome ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Shi kuwa yana ta ƙananan tarurruka mako-mako, yana magana da harshen Tem cikin karin magana, ana naɗar muryarsa ana turawa ta WhatsApp daga waya zuwa waya, daga Sokode zuwa unguwar Agwe a Lome, zuwa Kotokolin da ke Jamus da Gabon da Gana, waɗanda su ne ke aiko da gudummawa. Saƙon murya ba ya buƙatar boko. Tsohuwa mai tuyar ƙosai za ta saurare shi kamar yadda lauya zai saurara. Buƙatunsa biyu ne: a koma tsarin mulkin 1992, a bar 'yan ƙasa mazauna waje su yi zaɓe. Ya sa rana, Asabar 19 ga Agusta 2017.

Wani dattijo ɗan kasuwa a Didaure, wanda Hausarsa ta zango ta fi ta wasu 'yan Kano daɗi, ya ba ni labarin wannan safiya muna zaune a zaurensa bayan La'asar. Kafin ya fara sai da ya leƙa waje, ya dawo, ya yi wa kansa dariya.

“Ka gani ko, Malam? Sabo. Ko matata zan gaya wa farashin masara ya tashi, sai na leƙa.”

Ya ce shi ba zanga-zanga ya fita ba. Ɗansa ne ya sulale da jar riga tun asuba, uwar yaron na kuka, shi kuma ya bi sawu don ya kamo shi ya dawo da shi gida. Da ya kai babban titi sai ya kasa ganin ƙarshen mutane. Yana kutsawa yana neman yaron, sai ga shi kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinsa, wani tela, mutumin da ya shafe shekara ashirin yana kaffa-kaffa da shi, don an taɓa raɗa masa cewa ɗan rahoto ne. Tela ya ɗaura jan ƙyalle a ka. Suka tsaya suna kallon juna.

“Ya ce mini, ‘Alhaji, kai ma?’ Na ce, ‘Ni ai kai nake tsoro.’ Ya riƙe baki. Ya ce, ‘Wallahi ni ma an ce mini kai ne.’”

Na ce, “Baba, to daga nan tsoron ya tafi?”

“Ina! Da aka fara harbi na yi gudun da ban san ina da shi ba. Tsoron bindiga yana nan, ai bindiga ce. Na tela ne ya tafi. Shi kuwa ya fi nauyi, don da shi nake kwana nake tashi.”

Ban taɓa jin wanda ya rarrabe abin nan kamar wannan dattijo ba. Hukuma ta ce mutum biyu aka kashe a Sokode a ranar, 'yan adawa suka ce sun fi haka. Amma abin da ya girgiza Lome shi ne inda abin ya fito. Gari ne na arewa, na Musulmi, wanda aka saba lissafawa a aljihun gwamnati. Tsohuwar waƙar nan ta arewa da kudu ta rasa 'yan amshi. Atchadam ya miƙa hannu ga Jean-Pierre Fabre, jagoran adawa ɗan kudu, jam'iyyu 14 suka haɗa kai, kuma a ranakun 6 da 7 ga Satumba titunan Lome suka cika da jama'ar da aka daɗe ba a ga irinta ba.

Dubi abin da gwamnati ta fara kai wa hannu. Ta katse intanet na kwanaki a watan Satumba, matakin da kotun ECOWAS ta yanke a Yunin 2020 cewa ya saɓa wa doka. Mai tankokin yaƙi da dubban sojoji ya rasa abin tsoro sai muryar mutum a cikin wayar tsohuwa mai ƙosai. Hausawa sun gama magana da suka ce kura ga tsoro ga ban tsoro. Ba don ƙarfi ya yi mata yawa take kuka da dare ba. A lokacin nan kuwa Faure Gnassingbe ne ke riƙe da shugabancin ECOWAS ɗin kanta.

A Mango, cikin watan Satumban, aka kashe wani ƙaramin yaro, ɗaruruwan mutane suka tsallaka Gana. Sai daren Litinin 16 ga Oktoba. Wuta ta ɗauke a Sokode, jami'an tsaro suka shiga gidan wani limami mai farin jini, Alfa Alasan, na kusa da Atchadam, suka tafi da shi. Kafin gari ya waye an ƙona gine-ginen gwamnati da gidajen manya, matasa sun mutu, an kuma yi wa sojoji biyu taron dangi an kashe su. Ba zan tsallake wannan ba don labarin ya yi daɗi. Su ma 'ya'yan wasu ne, aiki aka tura su. Tsoron da ya daɗe a danne in ya tashi fita ba ya tambayar ta wace ƙofa, kuma wannan daren ya miƙa wa gwamnati hujjar da take nema a kan faranti. Sojoji suka mamaye Sokode da Bafilo, suna bi gida-gida da duka. Mutane suka kwashi yara suka shiga daji suka kwana a gindin itatuwa da duwatsu, jikokin Semasi suna yin abin da Moba suka yi a Nok. Aka haramta zanga-zanga a Sokode da Bafilo da Mango. A Lome wasu ƙarti masu rufe fuska suka fito da gorori a gaban jami'an tsaro. Aka kuma fara yaɗa sabon dodo, wai tafiyar nan ta masu tsattsauran ra'ayin addini ce, don Kirista ɗan kudu ya sake duban Bakotokoli da ido na biyu.

An saki limamin kafin ƙarshen shekarar. Atchadam ya ɓuya, daga baya ya bar ƙasar, sai dai a ji muryarsa. Aka shiga tattaunawa a 2018 da sa bakin Nana Akufo-Addo na Gana da Alpha Conde na Gini, aka ja ta har jama'a suka gaji, haɗakar 14 ta ƙaurace wa zaɓen majalisa na Disamba sannan ta watse. A 2019 aka dawo da wa'adi biyu, amma aka ce ba a ƙirga na baya. A 2024 aka sauya tsarin mulkin ɗungurungum, iko ya koma hannun shugaban majalisar ministoci, kujerar da ba ta da iyakar wa'adi, Faure ya hau ta a Mayun 2025. Wanda ya auna 2017 da wannan ma'auni zai ce an yi aikin banza, kuma ba zan ce masa ƙarya yake ba. Sai dai a Yunin 2025, bayan kama wani mawaƙi mai suna Aamron da aka kai asibitin masu taɓin hankali don ya soki shugaba, matasan Lome sun sake fita ba tare da wata jam'iyya ta kira su ba, aka sake tsamo gawarwaki daga ruwa. Yawancinsu ba su yi wayo ba lokacin da Eyadema ya mutu. Ba su yi rawar animasiyon ba, Sarakawa kuma a wurinsu sunan ƙauye ne.

Dapaong ce ta fi damuna yanzu, domin dodon da aka ƙirƙira don a ɓata Sokode ya zo da gaske, ta wata ƙofar dabam. A Nuwamban 2021 aka kai harin farko a yankin Kpenjal, kan iyakar Burkina Faso. A Mayun 2022 aka kashe sojoji takwas a Kpekpakandi, ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi ta JNIM ta ɗauki alhaki. A watan Yuni aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes, ana ta sabunta ta tun daga nan. A watan Yuli, cikin daren bikin Babbar Sallah, jirgin soja ya yi luguden wuta a ƙauyen Margba ya kashe yara bakwai, rundunar ta fito daga baya ta amsa cewa kuskure ta yi, ta zaci 'yan bindiga ne. A Afrilun 2023 shugaban da bakinsa ya ce an rasa fararen hula kusan 100 da sojoji kusan 40. Dubban mutane sun bar ƙauyukansu sun taru a Dapaong da Manduri da Cinkase. Haɗarin nan na gaskiya ne, ba wanda ya ƙaga shi, shi ya sa ya fi kowane daɗin amfani. Wa zai yi gardamar hana taro alhali ana binne mutane? Labarin abin da ke faruwa a ƙauyukan iyaka kuwa ba ya fita sai ɗan abin da hukuma ta ga dama. Bafulatani makiyayi shi ya fi shiga uku, na daji na zarginsa da kai rahoto, na bariki na zarginsa da kai abinci.

Da daddare na zauna wurin wani mai shayi kusa da tashar mota a Dapaong, Bahaushe ne, iyayensa daga wajen Dogon Dutsi suka zo. Muka gaisa, muka taɓa barkwanci, har ya ƙara mini madara kyauta. Na tambaye shi labarin ƙauyukan gabas.

“Lafiya lau, Alhamdu lillahi,” ya faɗa da ƙarfi, yadda na benci na biyu zai ji.

Ya ɗaga buta sama yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Da ya sunkuyo zai ajiye mini nawa sai ya rage murya. Ya ce ƙanensa mai shago ya daina sayar da sukari da buhu, sai da gwangwani, ko da kuwa mai saye ya zo da kuɗi a hannu. In ya sayar da buhu, gobe za a zo a tambaye shi wa ya kai wa daji. In ya hana wanda bai kamata ya hana ba, su ma suna da masu gaya musu. Na ce to shi wa ya fi tsoro a cikin biyun? Ya buɗe baki zai amsa, sai wani mai babur ya tsaya, ya kafe mashin ɗinsa, ya zauna a gefena ya ce a haɗa masa da ƙwai biyu. Ba wanda ya san shi a cikinmu. Mai shayi ya fasa ƙwai a kofi, ya kama kaɗawa da cokali, ya dube ni da fara'a.

“Yallaɓai, ka ce daga Sokode kake? Yaya Semasi bana, suna taɓukawa kuwa?”